Ranar da Rachael Ta Ɗauki Garma

Rachael na durƙushe a tsakar gida tana wanke tukwane, amma da za ka tambaye ta wacce ta wanke wacce ta saura, ba za ta iya gaya maka ba. Hankalinta duk yana gindin mangwaro, inda babanta Saje Ezekiel yake zaune a kan kujerarsa ta ƙarfe yana wasa fartanya da dutse. Tun da ta iso Zuru hutun Ista take neman ta inda za ta ɓullo masa da maganar, ga shi gobe za ta koma jami'a ba ta faɗa ba. Mahaifiyarta Saloma, wadda ta san komai, ta zo wucewa da tsintsiya ta zungure ta da ƙafa, ta yi mata nuni da haɓa.

Ta ɗauraye hannu, ta je ta tsuguna a gefensa.

"Baba, maganar Dominic ce."

"Ina ji," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Sai ta fara. Ta ce a jami'arsu idan ɗalibi ya gama shekarar farko sai ya zaɓi darussa biyu: babban kwas, wanda shi za a rubuta masa a takardar digiri, da ƙaramin kwas da zai riƙa haɗawa da shi, ko da daga wani fanni ne daban. Dominic ilimin duwatsu yake so ya zama babban kwas ɗinsa, wato jiyoloji. Masu wannan kwas kuwa dole ne su fita daji da malamansu, su yi makonni suna auna duwatsu suna zana taswira, wanda bai je ba ba shi ba kwas ɗin. A da da rani ake fita. Bana yajin aikin malamai ya hargitsa komai, sai fitar ta faɗo cikin dogon hutu, a tsakiyar damina.

Saje ya ajiye dutsen, ya shafa bakin fartanyar da babban yatsa, sannan ya dube ta.

"Wagga damina ita ce ta ƙarshe a golmonsa, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba."

"To ki gaya mishi da bakinki. Ranar da anka fara huɗa a gonata, in ban gan shi a ciki ba, shekarun da ya yi sun bi ruwa. Zance ya mutu."

Ta roƙe shi ya ɗaga zuwa baɗi, ta ce Dominic zai ƙara damina biyu ma idan ana so. Ina! Mutumin ya ɗauki dutsensa ya ci gaba da wasa fartanya. Saje idan ya gama magana ya gama, ko a majami'a inda yake dattijo an san shi da haka.

Golmo dai, ga wanda bai sani ba, al'adar mutanen ƙasar Zuru ce. Saurayin da ke son yarinya sai ya yi wa ubanta noma, shi da abokan tashinsa, damina bayan damina har bakwai, kafin a ba shi ita. Gidaje da yawa sun bari, musamman a cikin gari. Ban da gidan Saje Ezekiel. Shi ya yi yawo a aikin soja har ƙasashen waje, ya ga duniya, amma ya dawo da wannan aƙida a kansa daram: namijin da bai jure wa garma ba, ba zai jure wa zaman aure ba.

Dominic ɗan manomi ne daga Kanya, yana zaune wurin kawunsa a Zuru yana sakandare lokacin da ya ga Rachael a ƙungiyar mawaƙan majami'a. Da aka gaya masa sharaɗin Saje bai yi gardama ba, ya kira abokansa suka ɗauko garemani. Damina shida ke nan bai taɓa fashi ba. Abu ɗaya ne kawai yake ba Rachael dariya game da shi: duk ranar da ta kai musu abinci gona sai ta tarar da aljihunsa cike da duwatsu. Wannan ya ce mai ƙyalli ne, wancan ya ce dube shi hawa-hawa, wai me ya sa dutsen gindin tudu ya sha bamban da na bakin rafi? Wandunansa duk sun ɓule ta aljihu. Ita ce ta ga abin ya wuce wasa, ta matsa masa lamba ya zauna jarrabawar shiga jami'a bayan shi ya riga ya fid da rai da karatu. Ya ci, ya biyo ta jami'ar da take, tana gabansa da shekara ɗaya.

A nan ma sai da Saje ya yi sassauci, ya yarda a riƙa yin golmon a lokacin hutu. Tsofaffin sojojin da yake zama da su a bakin kasuwa suka sa shi gaba da ba'a, suna cewa Saje ya ƙirƙiro golmon 'yan boko, saura kuma a riƙa yin huɗa ta waya. Abin na cin ransa, bai dai nuna ba. Shi ya sa Rachael ta san wannan karon babu sauran wurin lanƙwasawa.

Ta koma makaranta jiki a sanyaye. Abokiyar ɗakinta Ogechi, 'yar mai shagon kayan babur a kasuwar Zuru, ita ta fara shan labarin. Ogechi ba ta ga abin tashin hankali ba. Ita kwas ɗin akanta, wato lissafin kuɗi, ta ɗauka babba ta haɗa da Faransanci, don ta riƙa sarin kaya a Kwatano ba tare da tafinta ya cuce ta ba. Ta lissafo mata wasu: wance ta haɗa lissafi da kiɗa, wane ya haɗa kimiyyar siyasa da aikin gona, Rachael ɗin kanta ilimin halittu ta haɗa da koyarwa, kowa kuma yana nan lafiya lau. Ta ce ai sai Dominic ya juya abin, ya mai da jogarafi, wato ilimin ƙasa da taswira, babba, jiyoloji ƙarami, tunda masu ƙarami ba sa fita daji. Kwas kwas ne, in ji ta, digiri dai ake nema.

Rachael ta kama wannan shawara hannu bibbiyu, ta ruga ofishin Dakta Yusha'u, malamin da ke ba 'yan ajin su Dominic shawara kan zaɓen darussa. Dattijon ya saurare ta har ta gama, sannan ya cire tabarau ya yi mata bayani a hankali. Ya ce ana iya yin haka, babu dokar da ta hana. Sai dai takardar digirinsa jogarafi za ta ce. Masu haƙar ma'adinai da masu neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa ba sa ɗaukar wanda ya ɗan taɓa jiyoloji a gefe, wanda ya yi shi gaba ɗaya suke nema. Idan kuma aka rufe rijista an rufe, ba a juyawa. Fitar daji kuwa ba ta ɗaguwa don mutum ɗaya.

"Ba na hana kowa zaɓinsa," in ji shi. "Amma tun da nake koyarwa, ban ga ɗalibi mai ido a kan dutse irin yaron nan ba. Idan ya mai da shi ƙarami, ni kam zan ji zafi."

Ta fito tana ganin duhu-duhu. A gindin dalbejiyar da ke gaban sashen ta iske Dominic zaune da takardar rijista a kan cinyarsa. Ashe ya riga ya ji komai, kawunsa ya kira shi ya gaya masa hukuncin Saje. Ya yi mata murmushi, ya ce ta kwantar da hankalinta, ya gama shawara: jogarafi babba, jiyoloji ƙarami. Ya ce ai taswira ma yana so, kuma malamin makaranta ba ya kwana da yunwa. Yana faɗa yana dariya, amma idanunsa sun yi jawur, hannunsa kuma yana cikin aljihu yana jujjuya wani dutse.

Rachael ta san wannan mutumin. Ta san yadda yake yi idan garma ta sare shi a ƙafa ya ce ba komai. Ta tuna ita ce ta raba shi da zamansa na rufin asiri, ta nuna masa ƙofar da bai taɓa mafarkin za ta buɗu ba, yanzu kuma saboda ita zai ja ƙofar ya rufe da hannunsa. Ta fizge takardar.

"Ba za ka sa hannu a wannan ba."

"Rachael, damina shida fa. Ke nake nema, ba dutse ba."

"Yau haka za ka ce. Nan da shekara goma, duk ranar da ka ga motar masu haƙar ruwa ta wuce, ni za ka duba. Ba za ka ce komai ba, na san ka, shirun ne ba zan iya zama da shi ba. Ka rubuta jiyoloji. Ka bar ni da Baba, na san ta inda zan bi."

Ƙarya take yi, Allah ya sani. Ba ta san ta inda za ta bi ba. Amma ta faɗa da ƙarfin da ya sa ya yarda, ya karɓi wata takardar ya rubuta jiyoloji babba, jogarafi ƙarami, aka rufe rijista.

Da aka ba da dogon hutu ta dawo Zuru ta shiga fafutuka. Ta je wurin Fasto tana kuka, Fasto ya zo gida ya yi ta magana har shayinsa ya huce, Saje ya raka shi bakin ƙofa da ladabi, ya ce wannan ba maganar majami'a ba ce, maganar gida ce. Ta je Bena ta ɗauko yayan babanta a mota, tsohon ya zauna ya ji bayani, sai ya juya ya goyi bayan ƙanensa. Ta koma kan mahaifiyarta. Saloma ta zaunar da ita a ɗaki ta ce mata ta daina ganin babanta mugu ne. Shi ma bakwai ya yi cif kafin a ba shi ita, huɗar ƙarshe da zazzaɓi a jikinsa ya yi ta, yana yi yana amai, ba wanda ya ce masa ya huta. Mutumin da ya sha wannan, ta yaya za ki ce masa duwatsu sun fi alkawari?

Duk lokacin da Dominic ya kira, sai Rachael ta gyara murya ta ce ana kan magana, Baba ya fara saukowa. Ranar da za su tashi zuwa daji ya sake tambaya, ya ce ta gaya masa gaskiya. Ta ce ya tafi, komai ya daidaita. Tana kashe wayar ta kifa kanta a katifa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta yaudari wanda take so, ta kuma kasa shawo kan wanda ya haife ta, ta rasa wanda za ta fara neman gafararsa.

Ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu, Saje ya sa ranar huɗa. Da sassafe Yari, shugaban abokan golmon Dominic, ya iso da samari da garemaninsu a kafaɗa. Suka gaishe da Saje, suka ce sun zo a madadin ɗan'uwansu. Saje ya leƙa bayansu, ya dubi hanya dama da hagu.

"Ina mai golmon?"

Yari ya ce yana can daji da malamansu.

"Ku koma gida, na gode. Ba lebura nike nema ba."

Rachael na bayan ƙofa tana ji. Ta ga samarin sun juya ɗaya bayan ɗaya, ta ga babanta ya shiga ɗaki ya rufe. Shi ke nan, damina shida sun tafi, kuma ita ta zubar da su da bakinta. Ta tsaya a tsakar gida ba ta san inda za ta sa kanta ba. Sai idonta ya faɗa kan garmar Dominic, tana jingine a jikin rumbu inda yake barin ta duk ƙarshen damina. Ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta ɗaura zane a kan siket, ta ci ɗamara da ɗankwali, ta saɓa garmar ta fita.

Gonar Saje a gindin tudu take, ƙasar duk tsakuwa. Rachael ta iya shuka, ta iya cire ciyawa da fartanya kamar kowace 'yar manomi, amma huɗa da garma aikin ƙarti ne. Saran farko garmar ta daki dutse ta dawo mata, sai da ta ji shi har cikin haƙora. Ta sake sarawa. Kunyar farko da ta tayar ta fito a karkace, abin dariya. Ta tayar da ta biyu.

Kafin rana ta ɗaga, matan da ke wucewa zuwa gonakinsu sun taru a bakin hanya. Wata ta tafa hannu ta ce yau ga abin da ba a taɓa gani ba, yarinya na yi wa kanta golmo! Wata ta ce son miji ne ya haukata ta, ga amfanin jami'a nan. Rachael na jin su, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ba ta ɗago ba. Labari ya riga ta isa gari. Can sai ga Saje a kan tsohon baburinsa, ya tsaya a bakin gona, matan suka watse.

"Ajiye garmar nan."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin umarninsa ta tsaya ba. Yau ta tsaya, ba ta ajiye garmar ba.

"Baba, Dominic ya so ya canza kwas don ya zo. Ni na hana shi. Ni na yi masa ƙarya na ce ka yarda. Idan akwai mai laifi, ni ce."

"Mace ba ta golmo. Ko kin huɗe gonar ga duka, ba ya shiga cikin nasa."

"Na sani, Baba. Amma ba ni da sauran abin yi."

Ya dube ta. Sannan ya juya babur ya tafi.

Washegari ta koma, jibi ma haka. Tafin hannunta ya yi bororo, bororon ya fashe, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Da yamma Saloma ke gasa mata baya da ruwan zafi, ta shafa mata man kaɗanya a hannu, tana yi tana hawaye tana ce mata ta bari haka nan, za ta kashe kanta a banza. A banza ne kuwa, Rachael ta sani. Tana yi ne don idan ta zauna a gida zuciyarta za ta buga. Saje ya daina zuwa bakin kasuwa wurin abokansa, abincinsa ma dawowa yake yi yadda aka kai shi. Uba da 'ya suna gida ɗaya, ba mai ce wa wani uffan.

Yari ne ya kasa jurewa. Ya yi ta neman Dominic a waya har ya dace da shi ranar da Dominic ɗin ya hau wani tudu mai sabis, ya kwashe komai ya gaya masa.

Rana tsaka Rachael na sunkuye, jiri na ɗibar ta, ta ji ƙarar babur ya tsaya. Ta ɗago. Dominic ne ya sauko daga bayan ɗan kabu-kabu, takalmansa duk taɓo, 'yar gudumarsa ta fasa dutse na rataye a ƙugu. Ya taho da gudu yana tsallake kunyoyinta karkatattu, ya kama garmar. Da ya ga tsumman hannunta ya rine da jini, sai ya raba ta da garmar.

"Me ya kawo ka?" ta tambaye shi.

"Na baro. Ba zan koma ba."

Wayyo! Ta zube a kan kunyar da ta gama tayarwa. Duk ƙaryar da ta yi, duk dariyar da aka yi mata, duk fatar hannunta da ta bari a jikin ƙotar garma, don kada ya rasa kwas ɗin nan ne. Ga shi ya zo ya zubar da shi, golmon kuma ya riga ya mutu, sun tashi ba ko ɗaya. Ta riƙe ƙafar wandonsa tana roƙonsa ya koma, ta haɗa shi da Allah, ta haɗa shi da mahaifiyarsa. Shi kuwa ya tuɓe riga ya sara garma a ƙasa, ya ce ko Baba ya karɓa ko bai karɓa ba, ba zai zauna yana auna dutse tana zubar da jini ba.

Ba su ga zuwan Saje ba. Ashe kullum yana zuwa, ya ɓoye babur a bayan kuka ya tsaya daga nesa yana kallon 'yarsa. Sai muryarsa kawai suka ji a kansu.

"Kai. Wa ya ba ka izinin barin wurin aikinka?"

Dominic ya saki garma ya durƙusa. Ya ce babu wanda ya ba shi. Ya dai gaya wa Dakta Yusha'u zai tafi, Dakta ya ce gobe da safe za su tashi zuwa wani sansanin, idan ba ya nan za a cire sunansa.

"Kuma ka taho."

"Na taho, Baba."

Saje ya dubi yaron, ya dubi 'yarsa a ƙasa, ya dubi gonar da rabinta ke tsaye da kunyoyi kamar sawun mashayi. Da ya buɗe baki, muryarsa ba irin wadda suka sani ba ce.

"Damina shida ina kallonka a gonar ga. Ban taɓa ganin ka bar kunya a rabi ba, ko ruwa ake ko rana. Shi nike dubawa a golmo, ba dawa ba, dawa ina iya noma abata. Yau kuma ka bar karatu a rabi ka zo mini, kana tsammanin in ji daɗi? A bataliyarmu, wanda ya bar inda anka ajiye shi, ko don uwarsa ne, ba mu ƙara yarda da shi. Ni na sa ka a tsakanin wuri biyu da mutum ɗaya ba ya iya tsayawa. Sa rigarka."

Dominic ya tsaya sororo.

"Na ce sa rigarka ka hau babur, kafin motar ƙarshe ta tashi. Girbi naka ne, kai kaɗai, tun daga yanka har rumbu. Ranar da ka ɗaure damin ƙarshe, golmonka ya cika."

Rachael na zaune a cikin taɓo ta ga babanta ya goya Dominic a bayan tsohon baburin, sun hau hanyar tasha, babur na tari yana fitar da hayaƙi. Ta so ta yi dariya, kuka ya zo, ta bar shi ya yi ta zuba.

Ba ta iya tashi ba har ya dawo. Ya kafe babur, ya tako ya zauna a kan kunya kusa da ita, shi da ba ya zama a ƙasa ko a wurin makoki. Ya kama hannunta ya warware tsumman a hankali, ya duba.

"Sannu, ɗiyata," in ji shi.

Ta nemi gafararsa kan taurin kan da ta yi masa a gaban jama'a, ya ce ƙaryar da ta yi wa yaron ita ce babba, ta tabbata ta nemi tasa gafarar, kada kuma ta kuskura ta shiga gidan miji da wannan hali. Washegari ya aika aka kira Yari da samarinsa, shi ma ya ɗauki garma ya shiga cikinsu, aka huɗe gonar. Kunyoyin Rachael kuwa ya hana a gyara su, a haka aka shuka.

Dominic ya riski motar malamansa da ƙyar, ya gama fitar daji lafiya. Da kaka ta yi ya riƙa zuwa duk ƙarshen mako da hutun Kirsimeti, ya yanke dawar Saje shi kaɗai, ya ɗaure, ya ɗauka a ka har rumbu. Tsofaffin sojoji suka so su taso da ba'arsu, Saje ya ce duk wanda surukinsa ya taɓa cika masa rumbu shi kaɗai ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Sai da su biyun suka karɓi digiri aka ɗaura aure a majami'ar da suka fara haɗuwa, Ogechi ce babbar ƙawa, ta yi ta yi wa baƙi Faransancin da ba mai ji.

To, 'yan'uwa matasa, ku ɗauki abin ɗauka. Zaɓen kwas ba abin wasa ba ne, kada ku mai da baiwar da Allah ya ba ku ƙarama don gudun wahalar shekara ɗaya, wanda yake son ku da gaske ma ba zai yarda ku yi haka ba. Amma kada ku bi ta hanyar ƙarya kamar Rachael, don saura ƙiris ƙaryarta ta raba ta da duka biyun. Haƙurinta da na Dominic ne suka cece su. Ku kuma iyaye, ku riƙe al'ada, abu ne mai kyau, sai dai ku riƙa tuna abin da aka kafa ta don a gani, kada ku gan shi a gabanku ku kore shi.

Saje dai har yau bai saki golmo ba. Bara wani saurayi ya zo neman Goodness, ƙanwar Rachael, ya zaunar da shi a gindin mangwaro ya gaya masa damina bakwai ce, ba ragi. Sai dai kafin yaron ya tashi, Saje ya yi gyaran murya ya tambaye shi wane kwas yake karantawa, wanne ne babba wanne ne ƙarami, kuma a wane wata suke fita daji.